Sari Mai Kwala

Ni tela ne. Na fara da wannan ne saboda a Doha babu takarda ko ɗaya da ta san da haka. Katin zamana cewa ya yi ni mai gadi ne. Kamfanin da ya kawo ni ma iyakar abin da ya sani ke nan, ya ba ni shuɗiyar riga da baƙin wando da takalmi mai nauyi, ya ce in je in tsaya inda aka tura ni. Amma kafin in hau jirgi na yi shekara goma sha ɗaya a kan keke a Kano, ina ɗinkin mata. Rashin wuta da ƙarancin aiki suka gajiyar da ni. Da wani maƙwabcinmu ya ce ana ɗaukar masu gadi a Katar, sai na lulluɓe kekena da tsohon zani, na ce wa matata shekara biyu kawai zan yi.

Ina kwana a unguwar Old Airport, mu shida a ɗaki ɗaya. Wanda ke gadon ƙasa da nawa direba ne, mutumin Zangon Kumasi, shi kaɗai nake jin Hausa a bakinsa kullum. Bakano yake ce mini. Kowace safiya motar kamfani takan sauke ni a Al Asmakh, a wani layi na tsofaffin gine-gine, bakin wani shagon kayan mata da ke tsakanin mai turare da mai gyaran agogo. Aikina in buɗe ƙofa, in rufe, in hana maza shiga sai wanda ya rako iyalinsa.

A gilashin gaban shagon akwai mutum-mutumin roba guda uku sanye da kayan talla. Satina na farko a kansu idona ya ƙare. Na san sari tun ina yaro, kamar kowane ɗan Kano da ya taso da kallon finafinan Indiya. Na kuma san kwat da siket na Turawa, don na sha yanka su da atamfa. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a haɗa su a jiki ɗaya. Ta farko tana sanye da lehenga, wato faffaɗan siket ɗin nan na Indiya mai nauyin ado, a samansa kuwa farar shat mai maɓallai irin ta ma'aikatan banki. Ta biyu sari ne, amma an riga an ɗinke ninkinsa, an sa masa zif a gefe, an ɗaure ƙugu da bel na fata. Ta uku doguwar rigar Indiya ce an tsage ta daga ƙirji har ƙasa, wandon jins ya leƙo ta ciki. Ranar farko dariya suka ba ni. Kafin kwana uku na kama kaina ina leƙen yadda aka kama ninkin sarin nan har bai zube ba.

Masu sayen kayan yawancinsu 'yan Indiya ne da aka haifa a Doha ko suka girma a nan, ma'aikatan asibiti da banki da makarantu. Suna son abin da uwa za ta gani ta ce 'yarta ba ta watsar da gida ba, kuma su iya shiga mota su tuƙa kansu da shi. Mai shagon ta gane wannan tun da wuri. 'Yar Indiya ce ita ma, ta haura arba'in, takan ce a Turai ta koyi zane. Madam kowa ke ce mata. A kan allon waya take zana kayanta, ban taɓa ganin almakashi a hannunta ba. Ni kuma Sikiriti take ce mini. Wata tara na yi a bakin ƙofarta, ba ta taɓa tambayar sunana ba.

A bayan shagon akwai ɗakin ɗinki. Teloli biyu ne a kan keke, sai mai yanka, wani tsoho Musulmi daga arewacin Indiya, mai gemu ja da lalle, tef kullum rataye a wuyansa. Masta suke kiransa. Ya haura shekara talatin yana yanka a ƙasashen Larabawa. Shagon yakan rufe daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu saboda rana. Kowa ya watse, sai ni da aka ce in zauna ciki, sai shi da ɗakinsa ke da nisa.

Wata rana ya leƙo ya gan ni ina sallar azahar a kan kwali a bayan ƙofa. Ya jira na sallame, ya yafito ni.

"Ɗan'uwa, ga darduma a ciki. Gobe ka shigo mu yi tare."

Da guntun Turanci da guntun Larabci muke magana, sai 'yan kalmomin Indiyanci da na tsinta a fim, waɗanda ke sa shi dariya har da tari. Washegari bayan mun idar ya ɗauki allura zai sa zare. Ya gwada sau ɗaya, sau biyu, sau uku, zaren na wucewa ta gefe. Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓa ba. Na lashi bakin zaren, na zura, na ƙulla da yatsa biyu na ba shi. Bai kalli allurar ba, hannuna ya kalla.

"Kai tela ne."

"Da can, Baba. A ƙasarmu."

Ya jawo wani ƙyallen siliki mai santsi daga kwando, ya nuna mini keke. Na naɗe hannun yunifom na zauna. Wata biyu rabona da keke, amma ƙafata na taɓa shi sai na ji kamar jiya na tashi. Na kalmashe bakin ƙyallen na bi shi har ƙarshe. Ya karɓa, ya bi ɗinkin da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ce, "Gobe ma ka zo."

Haka muka fara. Awa uku kullum, ban da Juma'a. Yakan aike ni in karɓo mana shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a kwanar layin, mu yi salla shi a gaba ni a bayansa, sannan mu hau aiki. Ya koya mini yadda siliki ke da hanya, idan ka saɓa masa sai ya murɗe a jiki. Ya koya mini jera ninkin sari a kama shi da zare ta ciki yadda mai kallo zai rantse da hannu aka naɗa. Abin mamaki, shi da ya fi kowa iya wannan haɗin, ba ya ƙaunarsa ko kaɗan.

"Sari ba a ɗinka shi," in ji shi, yana jan tsaki. "Yadi ne kawai. Mace ce ke ba shi siffa da hannunta kowace safiya. Uwata ba ta taɓa sa ko fil ba. Yanzu ga ni da tsufana ina liƙa masa zif kamar jaka."

"Baba, mu ma a Kano mun sa wa atamfa zif, ba wanda ya mutu."

"Ku ma kun lalace ke nan."

Ba a daɗe ba na gane abin da yake ɓoyewa. Idan zai karanta takardar awo sai ya kai ta har hancinsa. Sau biyu ya kira uku takwas. Da na dube shi a hasken taga sai na ga fari-fari a cikin ƙwayar idonsa, duka biyun. Yanar ido ce. Ya ga na gani. Ya ajiye alli, ya riƙo hannuna.

"Kada ka faɗa wa kowa. In Madam ta sani, tikitin komawa gida za ta ba ni. Autata na karatun jinya, saura shekara ɗaya. Ta gama in tafi gida a yi mini aiki. Shekara ɗaya kawai, ɗan'uwa."

Na ce masa wallahi ba wanda zai ji daga bakina. Da kaina na rantse, bai nema ba.

Daga ranar na zama idonsa. Matan da ke gaban shago su auna mai saye su rubuta, ni in karanta masa, in ja layin alli, shi ya bi da almakashi. Hannunsa bai tsufa ba ko kaɗan. Yakan taɓa yadi ya gaya maka inda zai ja da inda zai saki. Kafin ƙarfe huɗu in sauke hannun rigata, in karkaɗe zare daga wandona, in koma bakin ƙofa.

Madam ta sani. Wannan nake so a riƙe. Wata rana ta dawo da wuri ta same ni a kan keke, ina haɗa hannun wata jaket. Na miƙe zumbur. Ta ɗauki jaket ɗin, ta juya cikinta waje, ta duba ɗinkin a hankali, ta ajiye.

"Ƙarfe huɗu ka kasance a bakin ƙofa," kawai ta ce, ta fita.

Tun daga ranar aikin da ake barin wa Masta da rana ya ninka. Na taɓa yin ƙarfin hali na tare ta, na ce ko za ta yi magana da kafil ɗin shagon, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa ma'aikata, a mai da takarduna na tela. Ta yi murmushi ta ce, "Insha Allah, bari lokacin bukukuwa ya wuce." Na kwana biyu ina jin daɗin wannan maganar. Har na gaya wa matata a waya.

A cikin waɗannan watanni ne wata likita ta zo. Za ta yi jawabi a wani taro, tana son sari amma ba ta son ciki a waje, ba ta son fil ko ɗaya, kuma tana son ta fito kamar mai sanye da kwat. Madam ta zana jaket da jelar sari a rataye a kafaɗa. A allo ya yi kyau. A yadi kuwa jelar sai ta zame da zarar an ɗaga hannu. Masta ya gwada maɓalli, ya gwada ƙugiya, duk abin ya fito kamar an rataya labule. Kwana biyu muna kai.

A rana ta uku na tuna wata atamfa mai ado a baki da na taɓa ɗinka wa wata malamar makaranta, na juya adon ya zama wuyan riga. Na ce, "Baba, me zai hana bakin sarin ya zama shi ne kwalar? Ya taso daga ƙugu, ya haye ƙirji a matsayin kwala, ya zaga wuya, ya sauka ta baya ya zama jela. Babu abin da zai zame, don jikin rigar ne."

Ya ɗauki takarda ya ninka ta a hannunsa yadda na faɗa, ya ware, ya sake ninkawa.

"Ja alli," in ji shi.

Likitar ta sa, ta ɗaga hannu, ta juya, ta zauna, ta tashi, komai na nan daram. Kafin wata ya ƙare an yi odar irinsa sun fi goma. Madam ta sa shi a gilashin gaba, ta raɗa masa suna da Turanci. Ina riƙe da ƙofa na ji tana ba wasu mata labarin yadda tunanin ya zo mata a cikin jirgi, tana kallon kwalar wata ma'aikaciya. Ta iya ba da labari, har ni na kusa yarda. Mu a ɗakin baya sari mai kwala muke ce masa.

Da na ba direban ɗakinmu labari, sai ya girgiza kai.

"Bakano, kai fa ka cika son a yabe ka. Mutanen nan ba su ɗauke ka ɗinki ba. Ranar da abu ya ɓaci za ka ga inda za su ajiye ka."

Na ce masa bai san Baba ba ne.

Bayan kamar wata biyu wata amarya ta zo da mahaifiyarta. Uwar ta fito da wani ƙunshi daga jaka, ta kwance shi a hankali kamar mai buɗe jariri. Tsohon sari ne ja, na siliki mai kauri, bakinsa saƙe da zaren zinariya, ɗawisu a jere suna bin juna. Da shi aka ɗaura wa kakar amaryar aure, da shi uwar ta yi nata. 'Yar ta ce ba za ta iya yini cikin sari ba, uwar ta ce ba za a yi bikin ba tare da shi ba. A kan sari mai kwala suka daidaita. Na ga fuskar uwar lokacin da ta miƙa shi. Ba da son ranta ba ne.

Da rana Masta ya shimfiɗa shi a tebur, ya daɗe yana shafa bakin.

"Irin wannan ba a saƙa shi yanzu," in ji shi. "Zunubi ne a sa masa almakashi."

Bakin adon daidai yake da abin da ake buƙata, babu rarar ko taƙi ɗaya. Na ce masa gobe ba zan zo ba, kamfani ya kira mu sabunta kati, za a turo wani ya tsaya a madadina. Na roƙe shi ya bari sai jibi mu yi tare. Ya ce to.

Bai bari ba. Daga baya na ji cewa Madam ce ta tsaya a kansa, ta ce yalla, wato maza-maza, biki ya matso, yau take son ganin an yanka. Me zai ce mata? Ya ce sai mai gadi ya dawo? Ya ɗauki alli da kansa.

Da na dawo, ƙarfe ɗaya na yi na shiga ɗakin baya na same shi zaune, hannuwa a cinya, bai ko shimfiɗa darduma ba. Ya nuna tebur da haɓa. Na ɗaga yankan na ga abin da ya faru. Ɓarin kwala biyu duk na hagu ya fitar, ɗayan kuma ya gaza da kusan inci biyar, almakashin ya ratsa tsakiyar ɗawisu ya raba shi biyu. Awa uku muka yi muna juya shi. Muka gwada haɗi, muka gwada ɓoye gaɓar a ƙarƙashin ninki, muka ƙara shafi. Duk yadda muka yi, tsuntsayen gefe ɗaya kansu a ƙasa yake, gaɓar kuma tana nan a ƙirji inda ido zai fara sauka.

"Ka gaya mata yau, Baba, kafin su zo."

"Zan gaya mata."

Bai gaya mata ba. Washegari da la'asar amarya da uwarta suka zo gwaji. Ina bakin ƙofa na ji salatin wata daga cikin ma'aikatan, sannan na ji kukan uwar. Ba kuka mai ƙara ba ne, irin wanda ke fita da ƙyar ne. Can aka leƙo aka ce, "Sikiriti, Madam na kira."

Kowa na ɗakin baya. Uwar na zaune a kujerar keke, rungume da guntun bakin sarin. Amaryar na tsaye a kanta. Teloli biyun sun manne da bango. Madam ta dube ni sama da ƙasa kamar ranar ta fara ganina, sannan ta juya ga tsohon, ta yi magana da Turanci a hankali don kowa ya ji.

"Masta, shekara nawa kana yanka mini kaya, ba ka taɓa yin irin wannan ba. Ka gaya mini gaskiya. Idan mun tafi da rana, mai gadin nan yana shigowa nan? Yana taɓa kaya?"

Na dube shi. Har a lokacin ban ji tsoro ba. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana murza bakin tef ɗin wuyansa.

"Yana shigowa," in ji shi. "Yana taɓawa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Madam ta juya ga matan nan ta fara ba su haƙuri, tana cewa mai gadi ne na wani kamfani, ba ma'aikacinta ba ne, ba ta san yana shiga ba, yau ɗin nan za ta kai ƙararsa. Amaryar ta dube ni da wani irin kallo da har yau ban manta ba, kallon da ake wa ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Na ce, "Ranar da aka yanka wannan ba na nan. Ina ofishin kamfani, ku tambaya, akwai wanda ya tsaya a madadina."

Da na tsaya a nan, da ya isa. Wannan kaɗai ya wanke ni. Amma ban tsaya ba.

"Tsohon nan ba ya gani," na ce. "Wata bakwai ni nake karanta masa awo, ni nake ja masa alli. Sari mai kwalar da kuke yabo ma ni na fitar da shi. Madam ta sani, ta gan ni a kan keke da idonta."

Na matsa na zare tef ɗin daga wuyansa. Na kama wata lamba da yatsa, na riƙe a gabansa, nisan hannu ɗaya.

"Baba, karanta. Nawa ne nan? Karanta musu."

Ya ɗago kai. Idanun nan masu fari-fari suka tsaya a kan tef ɗin, suka koma kan fuskata. Leɓensa ya motsa, amma bai iya karanta lambar ba. Ɗakin ya yi tsit, har uwar ta daina kuka. Ban san tsawon lokacin da na riƙe tef ɗin ba. Madam ce ta karɓe shi daga hannuna, ta ce, "Halas, ya isa. Fita."

Kafin magariba sufabaizan kamfaninmu ya zo da mota. A hanya na yi ta ba shi bayani, yana tuƙi yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce shi bai damu da wanda ya yanka zani ba. Abin da ke gabansa shi ne na bar bakin aikina wata bakwai, na yi sana'ar da ba ita ce a katina ba, kuma da bakina na faɗa a gaban shaidu. Ya ce in gode wa Allah matar ba ta son maganar ta yi nisa, don ita ma za ta shafe ta. Washegari aka ce in tattara kayana. Aka mai da ni Umm Salal, ƙofar wata gona mai dabino da kaji, inda motocin da ke shiga a yini ba su fi a ƙirga ba.

Direban ɗakinmu ya taya ni ɗaukar jaka. Bai ce ai na gaya maka ba, na kuwa gode masa da hakan. Shi ne bayan kamar sati shida ya kira ni. Ya ce ya kai fasinja layin shagon, ya tsaya shan shayi, mai shayin ya ce masa an sallami tsohon mai jan gemu, ya koma ƙasarsu tun makon jiya. An kawo wani matashi daga Indiya.

Na kira lambarsa. A kashe. Na sake kira washegari, da bayan sati, da ranar Sallah. Layin Katar ne, ya mutu da tafiyarsa. Ban san garinsu ba sai sunan jiha, ban san ko autar ta gama karatun ba, ban san ko an yi masa aikin idon ba.

A bakin ƙofar gona mutum na da lokacin tunani fiye da yadda yake so. Haushin Madam mai sauƙi ne, na san inda zan ajiye shi. Ta sami tela a kyauta, da ya zama kaya ta sauke shi, ko a jikinta. Na tsohon ne ke hana ni sakat. Wata bakwai ina bin sa salla. Ya san 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, na san nasa. Da ya ce shi ne ya yanka, wallahi da na tsaya masa, da na ce ni na karanta masa awon ba daidai ba tun kafin in tafi. Na sha raya haka a raina. Amma ya zaɓi ya miƙa ni, don ni ne wanda ba a san sunansa ba, wanda za a iya cirewa a kawo wani gobe.

Sai kuma in tuna tef ɗin. Ba don in kare kaina na zare shi ba, na riga na kare kaina. Don in tozarta shi ne, a gaban teloli da ya koya wa aiki, a gaban matar da ya yi wa yanka shekara da shekaru. Kuma na san abin da zai biyo baya tun kafin in buɗe baki. Shi da kansa ya gaya mini, yana riƙe da hannuna.

Na daɗe ban gaya wa matata ba. Cewa na yi canjin wurin aiki ne kawai. Ranar da na ba ta labarin duka, sai ta ce, "Maigida, ai gaskiya ka faɗa."

Na ce, "Shi ma gaskiya ya faɗa."

"To ka bar wa Allah. Ka daina sa abin a ranka."

Na ce to. Ban iya ba.

Shekara biyun da na ce mata yanzu ta zama huɗu. Abokan aikina a gonar 'yan Nepal ne da wani ɗan Uganda, ba wanda ya san na taɓa riƙe allura. Da wandon ɗayansu ya yage a gwiwa, ina kallo ya liƙe shi da gam.

Kwanan baya matata ta kira ni da hantsi, muryarta cike da dariya. Ta ce yayin ya iso Kano. 'Yan mata na nuna wa teloli hotuna a waya, siket ɗin Indiya da shat, sari mai bel, kowa na so don dina. 'Yar maƙwabtanmu ta kai wa wani tela leshi mai tsada ya yi mata irinsa, ya fito da wani abu kamar rigar katifa, har an yi rigima.

"Na ce musu ku jira maigidana ya dawo, shi a wurin 'yan Indiyan ya koya. Uwarta ma ta ce in tambaye ka. Ka iya, ko?"

"Na iya."

"To yaushe za ka dawo?"

A lokacin motar abincin kaji ta tsaya a bakin ƙofa tana ta hon. Na ce mata zan kira ta anjima, na sa wayar a aljihu, na je na ja ƙyauren.